Ranar da Hajiya Uwa Ta Ɗauki Tire

Saude ta ninke rigar aikinta ta ɗora a kan firiza, ta ce, "Hajiya, a yafe ni." Ta fita ba ta waiwayo ba. Ita ce ta shida da ta bar gidan abincin Hajiya Uwa tun ƙaramar salla.

"'Yan matan yanzu ba su da haƙuri," in ji Hajiya. "Sau biyu ina ƙara albashi. Me kuma suke so?"

Dorkas, wadda ta fi kowa daɗewa a cikin masu kai abinci, ta ci gaba da goge cokula.

Ranar Juma'a ce, kuma shagon yana daf da tashar Kazaure. Ana saukowa daga masallaci teburan suka cika maƙil. Masu kai abinci biyu ne kacal, Dorkas da Mu'minat, wata baƙuwa daga Roni da ba ta cika mako da fara aiki ba. Da Hajiya ta ga abin ya fi ƙarfinsu, sai ta bar kujerarta ta gaban tukwane, inda ta shekara goma sha ɗaya tana zuba abinci, ta ɗauki tire.

Tana wucewa ta bayan wani tebur ta ji an tafa hannu, sannan aka fizgi gefen mayafinta har miya ta zubo mata a yatsu.

"Ke! Kurma ce ke? Tun yaushe nake kira, 'yar ƙauye kawai!"

Ta juyo. Malam Haladu ne, mai motocin ɗaukar yashi, wanda kullum yake zuwa da direbobinsa uku. Ya saki mayafin da sauri.

"Au, Hajiya, ashe ke ce! Yi haƙuri don Allah. Na ɗauka yarinyar ce."

"Ba komai," ta ce, don bakinta ya riga ya saba. Amma har aka gama cinikin rana maganar ba ta bar kunnenta ba.

Bayan la'asar ta sami Dorkas a bayan shago tana cin abinci a tsaye.

"Haka yake yi muku?"

"Kullum, Hajiya. Kuma ba shi kaɗai ba."

"Me ya hana ku gaya mini?"

Dorkas ta ajiye kwanon. "Saude ta gaya miki, tana kuka ma. Kika ce ta yi haƙuri, babban kwastoma ne."

Hajiya ta tuna. Ko ɗago kai ba ta yi ba a ranar, tana kwasar tuwo.

"To ke me ya zaunar da ke?"

"'Ya'yana biyu suna makaranta," in ji Dorkas. "In sun gama, ban sani ba."

Washegari Hajiya ta hau babur har unguwar su Saude. Ta tarar da ita a tsakar gida tana koyon ɗinki a keken yayarta. Saude ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa. Hajiya ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta iya cewa ita ce da laifi, ta kuma roƙe ta ta dawo.

Saude ta daɗe tana murza zare a yatsa. "Na gode, Hajiya. Amma na riga na fara nan. Ki dai riƙe waɗanda suka rage."

Ranar Litinin Malam Haladu ya zo da mutanensa. Mu'minat ta ɗauko musu shinkafa da miya, faranti huɗu a tire, tana tafiya a hankali kada ta zubar. Ya tafa hannu.

"Ke! Sai an yi miki ganga za ki ƙaraso?"

Hajiya ta ajiye ludayi ta fito.

"Malam Haladu, sunanta Mu'minat. 'Yar mutane ce, amana aka ba ni. Wanda zai ci abinci a nan, ya kira ta yadda zai so a kira tasa 'yar."

Malam Haladu ya dube ta kamar yana jiran ta yi dariya. Da bai ga alama ba, ya miƙe ya gyara hularsa. Direbobin suka bi shi, suka tsallaka titi suka shige shagon da ke can gefe.

Mu'minat na tsaye da tire a hannu. "Hajiya, saboda ni suka tafi?"

Hajiya ta dubi tsallaken titin na ɗan lokaci. Sannan ta jawo ɗaya daga cikin kujerun da suka bari.

"Zauna," ta ce. "Kira Dorkas ma mu ci. Kada abincin ya huce."