Gurbin Baƙo a Rigar Idi

A gidan limancin Korgom akwai wata rigar saƙi da ba ta ganin rana sai ranar Idi, kuma ba limamin da ya taɓa jan sallar Idi ba tare da ita ba. Duk namijin da aka haifa a gidan, ranar suna uwarsa takan ɗinka masa ɗan ido na zare mai launi a ƙirjin rigar. Allurar wata mace ba ta taɓa ta, sai ta wadda ta haifa wa gidan namiji. Ba wanda ya san dalili, an tarar ana yi ne. Bintu, matar marigayi Liman Amani, idanu biyu ta ɗinka: kore na ɗan farinta Mati, wanda ya gaji limanci, da ja na autanta Baƙo.

Jan nan ne ya hana gidan sakat. Shekarar da aka sauke tutar Faransa Baƙo ya tafi Maraɗi dakon gyaɗa, ciwo ya kwantar da shi a asibitin mishan, ya tashi da lafiya da addininsu gaba ɗaya. Korgom ta ɗauki abin fiye da mutuwa, don mamaci ana ambatonsa. Dattawa suka yanke a ƙofar masallaci cewa kada a ƙara kiran sunansa. Mati kuwa, wanda in ya yi fushi har akuyar gida sai ta ji a jikinta, ya rantse ba zai hau Idi da jan idon nan a ƙirjinsa ba. Bintu ta ji rantsuwar, ta haɗiye, amma abin yana cin ta.

Ranar jajibiri da hantsi motar gyaɗa ta sauke Baƙo. Mati ya tare shi a zaure, ko tabarma bai nuna masa ba. Bintu ta laɓe a bayan zana tana ji.

"Yaya, ba gardama ta kawo ni ba," in ji Baƙo. "Na ji abin da kaka shirin yi ma rigar Baba."

"Ba ni da ƙane. Hwaɗi abin da ke bakinka ka tahi."

"Cikin littahin da nika karatu akwai labarin Annabi Haruna. In za shi shiga gaban Ubangiji don Bani Isra'ila, akwai tuhwahin da anka ɗinka mishi musamman. Bisa ƙirji an jera duwatsu goma sha biyu, kowane da sunan ƙabila guda. Ba ado ba ne, Yaya. Don kada ya shiga shi kaɗai ne, ya shiga ɗauke da mutanenshi bisa zuciyarshi, na kirki da masu taurin kai. Ban ga inda anka ɓamɓare dutsen wani don ya yi laihi ba. Da na karanta, rigar Baba na tuna. Ban roƙe ka gona ba, ban roƙe ka ɗaki ba. Ka bar ni bisa ƙirjinka ranar Idi, shi ke nan."

Bintu ta dafa zana. Ita ta ɗinka idanun nan ba ta san abin da take ɗinkawa ba, sai yau ta ji daga bakin ɗan da aka hana ta kira. Haushi ya kama ta, na shi da ya tafi, da na wanda zai kore shi.

"Wato rigar ubana kaka aunawa da littahin Nasara?" Mati ya daka tsawa. "Kai za ka koya mani Annabi Haruna? Da ina shakka, yanzu ka hidda mani ita. Hita!"

Baƙo ya fita ko ruwa ba a ba shi ba. Ya tsaya daga wajen zana ya ce, "Inna, ina wuni?" Bintu ta buɗe baki, ta ga inuwar Mati, ta rufe.

Mati bai jira komai ba ya ɗauko rigar da aska ya ajiye gabanta. "Inna, ke kinka sa, ke za ki cire."

"Zaren ga ya ci jikin saƙi, Liman. Ba shi warwaruwa, sai dai a yanke."

"Ki yanke, ki yi maho."

Ta yanke. Ta ƙulle ɗan ƙyallen mai jan ido a haɓar zaninta, ta tura masa rigarsa.

"Na yanke. Maho kuwa nemi wata. Allurata haihuwa taka ɗinkawa."

Wace wata? Matarsa Hawa 'ya'ya mata kaɗai ta haifa. Mati ya yi ta sababi har tsakar gida ta watse, tsohuwa ba ta ɗaga kai ba. Daga baya ya lallashi kansa cewa 'yar huda ce, wa zai kula da ita.

Da safe ya zura rigar a kan farar taguwa. Muddin ana salla bayansa jama'a ke gani, lafiya lau. Da ya juyo zai yi huɗuba, sai ga fari ƙal yana leƙowa daga baƙin saƙi, daidai zuciya, kusa da koren idonsa. Wani tsoho a sahun gaba, cikin waɗanda suka yanke hukuncin, ya ce wa na kusa da shi, "Gurbin Baƙo ne." Maganar ta bi sahu sahu har ta kai wurin tsofaffin mata a baya. Sunan da aka hana kira, Bintu ta ji shi a bakin garin duka, a filin Idi.

Mati ma ya ji. Ya ɗora tafin hannunsa a kan hudar don ya rufe, kuma bai iya ɗagawa ba har ya gama. Haka ya yi huɗubar duka, da addu'ar da ya yi wa garin, hannunsa dafe da wurin ƙanensa. Bintu tana kallonsa daga nesa tana murza ƙullin zaninta, ko kaɗan ba ta ji tausayinsa ba.