Takardar Babu Komai ta Gidanmu

Ranar da za mu miƙa gidanmu ga kamfanin da ya saya, wakilinsu ya ce abu ɗaya ya rage: a rubuta da Turanci cewa ba mu bar komai namu a ciki ba, mai gida ta sa hannu, shi kuma ya karɓi makulli. Mai gidan kuwa Mama ce, tun rasuwar Baba. Layi biyu mutumin ya nema. Da ƙanwata Auta ya ba aikin, da tuni mun yi nisa. To amma shekara ashirin da shida ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ba a taɓa neman ilimin nan a gidanmu ba sai in za a karanta takardar magani. Na ce a ba ni wuri.

Na zauna a dokin ƙofar falo, don kujerun duk suna cikin babbar mota a waje, na ɗora takarda a gwiwa. Turawa ba sa barin kalmar "babu" ta fito ita kaɗai, sai sun ɗaura mata dutse. Suna da ta ruwa, suna da ta abinci, suna da ta mutane. Duk shekara ina jera wa ɗalibai su a allo, su kwafa, su manta. Yau ga ranarsu ta zo. Na zuba su kaf, har sakin layi huɗu. Da na karanta a zuci, saura kaɗan in tafa wa kaina.

"Yaya, direba fa ya ce rana tana yi," in ji Auta.

Ita za ta tafi da Mama gidanta, hawa na biyu, ɗaki mai taga ɗaya. Wata uku muka yi muna lallashi kafin Mama ta ce to. Dukanmu mun san in ta sake kwana a nan, sai mun sake wata ukun, kuma kamfani ba zai jira ba.

Mama tana zaune a tsakar gida kan kifaffen bokiti, jakarta a cinya. Na miƙa mata biro.

"Karanta min tukuna, Malam." Ba ta ce min Malam sai za ta gyara min zama.

"Mama, cewa kawai aka yi babu komai."

"Babu komai ɗin ce ta cika shafi? Faɗa min da harshen da na raine ka da shi."

Na gyara murya. "A nan na ce ba mu bar ko ɗigo ba."

Ta miƙe, ta kama hannun rigata ta ja ni har bakin famfon bayan kicin. Yana ɗiga, yadda yake ɗiga tun ina firamare. Masu gyara huɗu sun gwada shi sun haƙura. Baba ya naɗe shi da robar taya, ya ce ya gama da shi, washegari ya ci gaba. Simintin ƙarƙashinsa har ya lotsa, a nan muke wanke ƙafa in mun dawo daga ƙwallo kafin a bar mu mu taka falo.

"Soke," ta ce. Na soke.

"Nan kuma, ko ɓurɓushi."

Muka shiga kicin. Inda firji ya yi shekara talatin a tsaye, ga ƙwayoyin shinkafa, ga murfin kwalba, ga wani ƙaramin cokalin shayi ya yi baƙi. Auta ta yi tsalle ta ɗauka.

"Mama! Cokalin da kika hana ni fita sati guda a kansa! Ban ce miki ba ni na yar ba?"

"To wa ya tura shi can, ƙafa gare shi?"

Auta, mai 'ya'ya huɗu, ta tura baki ta sa cokalin a jaka. Na soke layi na biyu.

Na uku cewa ya yi babu ko rai ɗaya. Wannan ko tashi ba ta yi ba, silin kawai ta nuna da haɓa. Tattabaru suna ta gurnani a ciki, tattaɓa-kunnen waɗanda na kawo ina aji biyu, na rantse ni zan kula da su. Na kula da su kwana tara. Sauran shekarun Mama ce.

Wakilin kamfani ya duba agogo. Mutum ne mai ladabi, sai dai zufa ta fara cin wuyan rigarsa.

"Hajiya, ai ƙa'idar takarda ce kawai. Ba wanda zai duba."

"Ni na duba, ɗan nan. Shekara saba'in da uku ban sa hannu a kan ƙarya ba, sai yau don ɗana ya yi karatu?"

Saura layi ɗaya, wanda na fi alfahari da shi, kuma yanzu ba na son karantawa. Ta tsare ni da ido.

"Ko alama," na ce a hankali.

Ta shiga falo, muka bi ta. A bangon da ke kusa da taga akwai wani tabo, zagayayye, mai duhu, daidai inda Baba yake jingina kai yana jin rediyo. Sau biyu muna yi masa fenti, sau biyu yana dawowa. Kujerar da ke rufe shi tana cikin mota. Mama ta tsaya tana kallo.

"In ba za a iya rubuta gaskiya ba," ta ce, ba ta juyo ba, "a sauke min katifata."

Auta ta watso min kallon da ban ga irinsa ba tun ranar da na karya mata keke. Na juya bayan takardar, na jingina ta da ƙofa, na rubuta layi biyu da Turancin da ɗan aji ɗaya zai rubuta ba tare da ya ciji biro ba. Sannan na karanta mata:

"Mun kwashe abin da yake kwasuwa. Sauran yana nan."

Ta dube ni. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ashe ka iya."

Wakili ya karanta, ya sosa ƙeya, ya ce zai yi. Mama ta karɓi biro ta zana sunanta harafi-harafi, tana cije leɓe. Ta gyara mayafi, ta ratsa tsakar gida, ta fita. Ko waiwaye ba ta yi ba. Na ji Auta ta rufe mata ƙofar mota.

Makullin yana aljihuna. Na ce bari in duba tagogi. Na duba. Na ce bari in sake duba ta ɗakinmu na yara, wadda sakatarta ba ta kamawa sai an ɗaga. Na ɗaga, ta kama. Na fito na tarar da wakili a bakin ƙofa, hannunsa a miƙe, ni kuma nawa ya ƙi fita daga aljihu.

Direba ya danna hon. Mama ta sauke gilashi.

"Malam, ba shi mana. Ko kai ma a cikin sauran za a lissafa ka?"

Na ba shi.