Askar Ranar Suna

A Salaga cewa ake yi Baba Mutaru wanzami ya shekara arba'in bai taɓa fitar wa jariri jini ba. Ana kuma cewa shi ya kori ɗansa Abdul-Nasir, ranar da ya tarar dutsen da yake wasa aska ya yi kwarmi a tsakiya, ya ce wuƙa aka goga a kai. Abdul-Nasir ya rantse ba shi ba ne, tsohon bai saurara ba. Sai ɗan ya tafi Bawku ya buɗe shagon aski da inji.

Shekara tara ba su haɗa tabarma ba, sai ranar sunan 'yar Abdul-Nasir a gidan surukansa a Yendi. Kakanta Baba Mutaru ne zai yi askin.

Da hantsi Baba Mutaru ya buɗe zabira, ya ɗiga ruwa a dutse, ya tura askar baki a gaba, ya mirgina ta kan bayanta ya dawo. Sannan ya maƙala fatar goga aska a babban yatsan ƙafa, ya ja askar, yanzu baya ne a gaba, baki na biye. Idonsa ya yi rauni, hannu ke masa aikin. Hajiya Zenabu, surukar Abdul-Nasir, har ta jiƙa kan jaririyar.

Abdul-Nasir na tsaye yana saurare. Ya san kukan fata tun yana ƙarami, sumul yake tafiya. Yau kowane ja da ɗan ƙis a tsakiya.

"Baba, a dakata."

Tsohon ya ɗago kai.

"Mai inji ne zai koya mini aska?"

"A gwada ta a farce tukuna."

"Kai, Nasiru, mutane na jira," in ji Hajiya. "Koko ma ya huce."

Tsohon ya miƙa hannu wajen kan jaririyar. Abdul-Nasir ya durƙusa tsakaninsu, ya naɗe hannun riga.

"To, a fara da ni."

Baba Mutaru ya dube shi, sannan ya ɗora askar a damtsen ɗan nasa ya ja. Gashi ya zube. A inda askar ta bi wani siririn layi ya fito, jini ya tsattsafo.

"Innalillahi!" Hajiya ta ƙanƙame yarinyar a ƙirji.

Tsohon ya ɗauki dutsen yana shafawa da yatsa. Kwarmi, daidai tsakiya, bakin askar bai kwanta a kai ba balle ya wasu daidai. Wannan dutsen kuwa bayan tafiyar ɗansa ya saye shi, ba hannun da ya taɓa shi sai nasa.

Ya kife shi, ɗaya gefen a miƙe yake, ya tura wa Abdul-Nasir tare da askar.

"Kai za ka wasa, kai za ka yi mata." Ya ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji. "Hannuna ne ke danne tsakiya. Wancan dutsen ma ni ne. Abdul-Nasir, na zalunce ka. Ka yafe mini."