Kujerar Malam Nu'uman

Izinin kamfanin inshora ya shigo kwamfutar Tahani ranar Lahadi ba tare da kowa ya nema ba. Sunan Malam Nu'uman ne a kai, wanda aka yi wa sallar jana'iza a Harami makon jiya.

Tahani ce ke kula da inshora a wani ƙaramin asibitin wankin ƙoda a unguwar Aziziyya. A da, asibiti ke roƙo, kamfani ya amsa. Yanzu kamfanin kan turo izinin tsofaffin majinyata tun kafin a tambaya. Da ya shigo, na'ura ta ware wa mutum kujerarsa ta watan, ta aika saƙo wayarsa. Kamfanin bai san Malam ya rasu ba, kuma ba za a ba wani kujerar ba sai asibiti ya mayar da izinin tare da dalili.

Wayar tana hannun matarsa Asiya, wadda ke takaba a unguwar Hindawiyya. Ita ta kira. Ta ce ta ga saƙo da cikakken sunansa, ana cewa ana jiransa ranar Talata. Ta san ba zai je ba. Amma tun da masu gaisuwa suka watse, ba wanda ya ƙara nemansa sai wannan saƙon.

"'Yata, ki bar saƙon ya riƙa zuwa har in fita takaba. Me zai rage muku?"

Tahani ta fi sakewa da Larabci, amma da Hausar kakarta ta amsa. Ta ce akwai wani direban tasi, Marwan, da ke jiran gurbi, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga.

Asiya ta tambaya ko kujerar kusa da taga ce za a ba shi. Tahani ta ce ita ce.

"A gaya masa sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan, yana dukan wuya a wurin. Ya zo da mayafi."

Bayan sun yi sallama, Tahani ta zaɓi dalili, rasuwa, ta tura. Sunan Marwan ya hau. Sai a lokacin ta tuna na'urar kan sanar da majinyaci duk sokewa. Ta yi saurin kiran lambar.

"Goggo, wani saƙo zai zo yanzu. Kada ki buɗe."

"Ya riga ya zo," in ji Asiya. "Na karanta."