Haƙoran Auta a Awarwaron Umma

Bayan rasuwar Umma, 'ya'yanta mata suka yanke shawarar a narkar da awarwaronta na zinariya, maƙeri ya ƙera wa kowacce zobe. Babbar yayarsu ce ta kai shi shagon Auta, ƙaninsu mai ɗaukar hoton kayan ado.

"Ka ɗaukar mana shi yau, Auta. In ya shiga wuta gobe, hoton kaɗai zai rage."

Auta ba ya wasa da aiki, shi ya sa masu shagunan gwal ke ƙorafin tsadarsa kuma su dawo. Zinariya kuwa fitinanniya ce. Ka matso da fitila ta kashe maka ido, ka janye ta yi duhu, ka sunkuya ta nuna maka hancinka. Ya sa safar hannu, ya kewaye awarwaron da farin yadi, ya yi ta juya fitilu har bayansa ya ƙage. Zuciyarsa cike take da baƙin ciki, sai ya zuba shi duka a aikin.

Da ya zauna gaban kwamfuta, hannunsa ya yi abin da ya saba. Duk wani tabon karcewa da ke hoton ya share shi. Wasu 'yan ramuka kusa da maɗauri, su ma ya shafe su tas. Sannan ya goge hotunan asali daga katin kyamara, kamar yadda yake yi bayan kowane aiki.

Ranar da Yaya ta dawo, sabon zoben na yatsanta. Ya miƙa mata hoton cikin gilashi. Ta daɗe tana kallo.

"Ina haƙoranka?"

"Waɗanne haƙora, Yaya?"

"Lokacin da kake haƙori, awarwaron kake cizo, har ka yi masa ramuka. Sau nawa maƙeri ya ce a kawo ya gyara, Umma ta ƙi. In ka yi tafiya, wurin take shafawa da babban yatsa har ka dawo."

Ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya jawo kyamara yana lalube, alhali ya san babu komai a ciki.

Yaya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye hoton a kan tebur a hankali.

"Ya yi kyau, Auta," ta ce. "Amma wannan na shago ne."