Kwalin da Ban Karanta Ba

Kwana goma sha ɗaya famfon ɗakunan kwananmu bai ɗiga ba. Ban-ɗaki kuwa ba a magana, ko ta ƙofarsa za ki wuce sai kin riƙe numfashi. Saboda haka da Uwar Ɗaki, wata 'yar ajin ƙarshe da gadonta ke ƙasan nawa, ta daki ƙarfen gadon ta ce, "Ke sabuwa, sauko, yau za a yi ta, zanga-zanga za mu fita," ban ji haushin tashin da ta yi mini ba.

Kawu kaɗai nake tsoro. Shi ya tsaya kai da fata har Baba ya bar ni na zo jami'a, kuma a gabana ya ce masa, "Tana hannuna. Ranar da aka ji sunanta a wata fitina, ni da kaina zan dawo maka da ita." Na san a makarantar yake aiki, a wani ofis can bayan ɗakin karatu. Wane aiki? Satina uku da zuwa, kuma Kawu ba mutumin da ake yi wa tambaya ba ne.

"A baya zan tsaya," na ce.

"Ki tsaya ƙarƙashin gado ma in kin ga dama. Ɗauko bokitinki."

A filin ƙwallo muka tarar da ɗaruruwan ɗalibai suna dukan bokitai. Shugaban ƙungiyar ɗalibai, wanda suke kira Kwamared, yana kan tebur da lasifika, farar rigarsa ta sha guga, sai ƙamshi yake zubawa. Wannan dai ya yi wanka yau. A take na tsane shi.

Ban ankara ba wata mai jar hula ta fizge bokitina, ta cusa mini sanda mai kwali a sama, rubutun yana kallon gaba. "Ɗaga!" ta ce. Na ɗaga. Duk wanda ya kalle shi sai ya fashe da dariya ya tafa, ana ta buɗe mini hanya ana tura ni, har na tsinci kaina a sahun farko. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai ga ni ina ihun "A kori Jakin Famfo!" har maƙogwarona ya bushe. Haka suke kiran mutumin da ke kula da ruwan makaranta, kuma da zuciya ɗaya na zage shi.

A ƙofar sashen gyare-gyare masu gadi suka yi layi suka tare mu. Wani ya yi jifa, gilashin taga ya tarwatse. Can ƙofa ta buɗe, Kawu ya fito da fayil a hammata.

Na ɗauka ni ya zo nema. Sai na ji taron ya ɗauka gaba ɗaya: "Jaki! Jaki!"

Sannan ne na juyo da kwalin. Hoton fuskarsa ne aka yanko aka manna a jikin jaki, an zana famfo a maimakon wutsiya. A ƙasa, da jan fenti: ƁARAWON RUWA.

Na yi ƙoƙarin saukewa, Uwar Ɗaki ta tallabe gwiwar hannuna. "Ɗaga mana, yanzu ne amfaninsa!"

"Kawuna ne," na ce.

Ta matso da bakinta kunnena. "To rufe mini baki, in kina so ki koma ɗaki da ƙafafunki. Kin ga idanun mutanen nan?"

Na gani. Na ci gaba da ɗagawa, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kawu ya buɗe fayil yana bayani: injin turo ruwa ne ya ƙone, sau huɗu yana rubutawa sama a kawo sabo. Kwamared ya kara lasifika ya ce, "Takarda za mu sha?" Aka kwashe da shewa. Wani bokiti ya taso daga baya ya sami Kawu a kafaɗa, takardun suka watse a ƙasa.

Shugaban masu gadi ya ciro biro da ɗan littafi, ya nuna ni. "Waccan mai kwalin da ita za mu fara. Yallaɓai, ka san ta? Sunanta kawai nake so."

Kawu ya kalli jakin, sannan ya kalle ni. Tun ina rarrafe na san fuskar nan, ban taɓa ganinta haka ba.

"Ban san ta ba," ya ce.

"Duba da kyau, Yallaɓai."

"Na ce ban san ta ba. Ba ni da kowa a makarantar nan."

Na gane ya rufa mini asiri, ba za a kore ni ba. Na kuma san muryar Kawu in yana nufin abin da ya faɗa, kuma da ita ya yi maganar.

Ya durƙusa yana tsince takardunsa ɗaya bayan ɗaya, yana kakkaɓe musu ƙasa. Babu wanda ya taya shi, har ni.