Awa Ɗaya da Lorne Ya Ƙara

Ruwa ya janye tun da safe, ya tafi can nesa har ba a jin motsinsa, ya bar ƙasan teku a fili: jan taɓo, baƙaƙen duwatsu masu santsi, jiragen masunta kwance a karkace kan laka. Ardith ta sauke 'yar motarta daga bayan a-kori-kura, ta danna mata batir. Motar ja ce, ba ta fi tsawon hannu ba, amma tayoyinta ƙato-ƙato, kuma duk dutsen da ta samu wurin kafa haƙori sai ta hau shi.

Dokar ƙungiyarsu ɗaya ce, duk mai wasan nan a gaɓar tekun Fundy ya san ta. Ka tuƙa motarka da rimot daga gangaren siminti zuwa dutsen da suke kira Kan Rago, ka dawo kafin ruwa ya dawo, hannunka bai taɓa ta ba. Mota na iya taimakon mota, amma hannu a'a. Wanda ya kai ya dawo, tsoho Delphis, alƙalin wasan, sai ya ƙona sunansa da ƙarfe mai zafi a allon katakon da ke rumfarsa. Sunaye tara ne, babu na Ardith. Shekara huɗu tana gwadawa, ga shi sanyin ƙashi ya fara kama mata manyan yatsu. Ita ta san baɗi ba lallai ta iya riƙe rimot ba, kuma yau ne taron ƙarshe kafin ƙanƙara.

"Ke Ardith, kin zo da kwandon da za ki kwashe motar a ciki?" in ji yayanta Lorne, wanda sunansa ne na uku a allon, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba.

"Rufe mana baki, tsohon banza. Ƙarfe nawa ruwan zai juyo?"

Ya zaro ɗan littafin lokutan cikar ruwa da janyewarsa daga aljihu, ya lashi yatsa. "Sha ɗaya daidai. Ko barci za ki yi a hanya, kin samu lokaci."

Delphis ya busa usur, suka fita. Kai, ranar motar ta ji magana! Ta hau dutse, ta leƙa, ta sauko a hankali, taya ɗaya na lilo a iska. Ardith na biye da ita cikin dogayen takalman roba, harshe a waje, jikinta duk yana karkata inda motar ta karkata. A kan ciyawar teku motar ta zame har ta kusa kifewa, Ardith ta saki ƙara, ta ja baya kaɗan, ta sake shiga ta gefe, sai ga ta ta wuce. Lorne na bayanta da tasa koriyar motar, yana taunar busasshiyar ciyawar teku yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi.

Da hancin motar ya taɓa Kan Rago, Delphis ya ɗaga hula. Ardith ta yi tsalle, mace mai jikoki uku, ko kunya babu.

Juyowar da za ta yi, sai ta ga wani ramin da suka wuce a bushe yana ƙyalli.

"Lorne, wancan ruwan fa?"

"Tsohon ruwa ne, kwantai."

"Kwantai yana tafiya?"

Delphis ya dubi agogonsa, ya dubi Lorne. "Kai, awa ɗaya ka ƙara?"

"To, ba kullum ake ƙarawa ba?"

"Yau da asuba aka mayar da agogo baya, sakarai!"

Littafin Lorne da lokacin hunturu yake aiki. A ƙasar nan da bazara ana tura agogo gaba da awa ɗaya, don haka duk tsawon bazara sai an ƙara masa awa ɗaya, hannunsa ya saba, yau ma ya ƙara. Ruwa kuwa tun ƙarfe goma ya juyo, kuma ruwan wurin nan ba ya sallama. Kafin ka ɗaure takalmi ya cinye dutsen da kake tsaye a kai.

"Ɗauki motar mu gudu!" in ji Lorne.

"Ka taɓa ta in karya maka hannu."

Ta matsa wuta. Motar hawan dutse ba ta san gudu ba, tafiyarta ta kunkuru ce, amma Ardith ta daina zaɓen hanya mai sauƙi, ta miƙe sak. Yatsunta suna zugi har cikin gwiwar hannu, ba ta kula ba. Ruwa na bin lungunan duwatsu ta dama da hagu, yana kumfa, ya kama mata idon sawu, sanyinsa ya ratsa roba. Mutanen da ke kan gangare sun taso duka, suna ihu suna kiran sunanta. Dariya take yi, tsoro kuma na cin ta, ta rasa wanne ya fi yawa.

Saura taku ashirin suka iso tsagin dutse na ƙarshe. Ɗazu ta ƙasansa suka bi, a bushe. Yanzu ya cika, ruwan gishiri na gudu a ciki, faɗinsa ya fi ƙarfin motar ta tsallake, zurfinsa kuma ya isa ya kashe ta. Ardith ta tsaya. Idonta ya kawo ruwa.

"Matsa gefe," in ji Lorne.

Bai dube ta ba. Ya kawo koriyar motarsa, wadda ya yi hunturu biyu yana haɗawa a kan teburin kicin har matarsa ta yi fushi, ya tuƙa ta da rimot ya jefa ta cikin tsagin da gangan. Ta cushe tsakanin duwatsun biyu, fitilunta suka yi fari-fari a ƙarƙashin ruwa suka mutu, rufinta kaɗai ya rage a sama.

"Delphis, hannu ne wannan?" Lorne ya tambaya.

"Mota ce!" tsohon ya amsa, ruwa har gwiwarsa. "Ku yi sauri, don Allah!"

"To hau, me kike jira?" Lorne ya ce wa Ardith.

Ardith ta share ido da kafaɗa. Ta ɗora tayar gaba a kan rufin, ta ji ƙarar roba na fashewa, ta ƙara wuta kaɗan. Jar motar ta yi rawa, ta miƙa hanci, ta kama dutsen can gefe, ta ja gindinta ta haye. Daga nan ba ta ƙara tsayawa ba sai a kan siminti, inda ihu ya kaure har tsuntsayen teku suka watse.

Da ta waiwaya, babu tsagi, babu koriyar mota, ruwa ne kawai shimfiɗe har Kan Rago. Lorne na zaune kan gangare yana zazzage ruwa daga takalminsa, rimot na rataye a wuyansa. Ta zauna kusa da shi, ta buɗe baki za ta yi magana.

"Kar ki fara min kuka," in ji shi. "Tashi ki je wurin Delphis, ya riga ya sa ƙarfe a wuta."